Wa Ke Bin Norbibi Bashi?

Na karɓe kwanon shayin daga hannun Sanobar kafin ya kai bakin uwar mijinta, na kurɓa. Gishiri-gishiri.

"Wannan ruwan famfo ne," na ce.

Sanobar ta sunkuyar da kai tana kallon tabarma.

"Ina wurin likita ya yi magana. Ya ce ƙodarta ba za ta ƙara ɗaukar ruwan famfon garin nan ba. Ina ruwan tankar da ake saya?"

"Hosiyat opa, ƙyale yarinyar," in ji Norbibi, uwar mijin, daga shimfiɗa. Opa take ce mini, wato yaya. Maganar ta fito a daƙile, don ta naɗe bakinta da gefen ɗankwali. "Kin yi ritaya, amma har yau neman wanda za ki kora daga aji kike yi."

"Da ke zan fara."

Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nata. Ni na koyar da kimiyya har gashina ya yi fari, ita ta yi ta cirar auduga har bayanta ya lanƙwashe, kuma ba mu taɓa yarda da juna a kan komai ba. Da za ta aurar da ɗanta Ergash, na ce mata ta tara mutanen layinmu kawai. Ta ce me duniya za ta ce. Aka dafa shinkafar biki da naman da ya ishi rabin lardin Horazm, duka a kan bashi daga Eshmat mahauci. Duniya ta ci, ta goge baki, ta tafi. Ergash ya wuce Rasha aikin gini, takardunsa suka ƙare a can, in ya fito ba zai sake shiga ba. Aka bar tsohuwa da amarya da bashi.

Daga nan Norbibi ta ɗaure ciki. Nama ya fita daga gidan. Jarkar ruwan tanka guda sai ta kai su inda ta kai su. Ruwan da aka wanke shinkafa da shi, shi za a wanke kwanuka, daga nan tsumman goge ƙasa, daga nan gindin tumatir. Matan unguwa suka mai da ita abin misali. "Ku dubi Norbibi," suke ce wa surukansu. Ni yabon da ba ya cin ko sum ɗaya daga aljihun mai yinsa ban cika yarda da shi ba. A cikin masu yabon babu wadda ta taɓa leƙa butar shayinta.

Washegari na aika mata da jarka daga nawa ruwan. Sanobar ta dawo da ita cike, tana nishi.

"Ta ce a gode. Ta ce ruwa ma bashi ne."

"Ita ta ce, ko ke kika ce?"

Yarinyar ta ɗago ta dube ni, ta juya ta tafi.

To, ni dai na fara lissafi. Eshmat, wanda a da sai ƙarshen wata yake zuwa, yanzu kusan kullum kekensa na jingine a ƙofar gidan. In zai fita sai ya tsaya yana duban rufin kwano da itacen tuffa kamar mai taya gida. Sau biyu na ga Sanobar na yi masa magana ƙasa-ƙasa a zaure. Ga kuma ranar da ta tallabo tsohuwar da ƙyar suka hau motar birnin Urganc, ba ranar asibiti ba, suka dawo da yamma. Tun daga ranar ne ɗankwalin nan ya hau bakin Norbibi bai sauka ba.

Na shiga wani hantsi Sanobar tana kasuwa.

"Buɗe bakinki in gani."

"Ni akuya ce za ki saya?"

"Yarinyar nan ta taɓa ki?"

Kafaɗunta suka girgiza, dariya ce ba ƙarfi. "Karatu ya lalata ki, opa. Kowa ɓarawo ne a wurinki."

"Ba kowa ba. Wanda ke auna rufin gidanki da ido dai."

Can ta ce, "Kin san abin da liman zai yi. Zai tsaya a kaina ya ce ina ɗanta, ya fito ya ɗauki bashinta. Ergash ba ya nan. Wa zai fito? Sai maza su tsaya suna kallon takalmansu, ni ina kwance a tsakiya."

"Ba za ki ji ba ai."

"Ke kike cewa haka."

"Sha ruwa mai kyau ki rayu, ki biya a hankali."

"Kuɗin jarka goma kilo ɗaya ne na naman Eshmat. Na ci, zan biya."

"Ba ke kika ci ba."

"Ni na gayyata."

Ƙafafunta sun riga sun kumbura kamar an hura. Ta rasu wata safiyar Talata, Sanobar tana shara a tsakar gida.

Ni na riƙe buta wurin wanka. Da mai wankan ta warware ɗankwalin, hannunta ya tsaya. Duk wanda ya san Norbibi ya san layin haƙoran zinariyar da marigayi mijinta ya sa mata a shekarar da auduga ta yi kyau. In ta yi dariya daga ƙarshen layi ake hangowa. Babu ko ɗaya. Dasashi ne kawai, bai gama warkewa ba.

Na fito na tarar da Sanobar a bakin murhu, na ja ta gefe.

"Ina suke?"

"Ita ta ce a cire, inna. Ni na riƙe mata kai."

"Kuɗin fa?"

"Yaya Eshmat ne ya karɓa. Ita ta ƙirga masa da hannunta."

"Sun kai bashin?"

"Maƙerin da ya saya a Urganc ya ce ba zinariya ce zalla ba, an gauraya. Bai ba da ko rabin abin da ta sa rai ba. Da ciwon ya yi tsanani na ce mata sun kai. Na roƙi Yaya Eshmat kada ya faɗa mata."

"Shi ya ce me?"

"Ya ce za a yi magana daga baya."

Daga baya. Na san irin wannan daga bayan.

Bayan azahar maza suka fitar da makara suka ajiye a titi, ƙofar gida. Mu mata muna ciki, jikin katanga. Na ji liman ya gyara murya.

"Ina ɗanta?"

Wani ya ce yana Rasha.

"To, akwai mai bin baiwar Allah nan bashi? Akwai mai ɗauka?"

Shiru. Shirun da ta faɗa, shi ɗin. Ana jin ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin takalma. Matar da ke kusa da ni, ɗaya daga cikin masu yabon nan, ta rufe ido tana motsa baki.

Sai muryar Eshmat, a kausashe kamar yana ciniki.

"Ni ne nake bin ta. Ta biya."

"Duka, Eshmat?"

"Na ce ta biya, malam. A yi salla, rana na yi."

Wani dogon numfashi ya ratsa matan. "Allah sarki, Norbibi," in ji wata. "Ta tafi fes." A gaban liman da maza Eshmat ya faɗa, ba shi da bakin janyewa. Wannan na sani. Abin da ban sani ba shi ne ko tausayi ne, ko kuwa ya ga ya fi riba a ce yaron da ke Rasha yana jin nauyinsa har abada. Na juya zan tambayi Sanobar yadda ta gani.

Ba ta kusa da ni. Ta hau kan turken itace a jikin katanga, ta miƙa hannu sama da waya, yadda mijinta zai ji. Aka yi kabbarori, aka sallame, maza suka ɗauki makara suka tafi da sauri. Titi ya zama wayam, ita ba ta sauke hannun ba. Daga cikin wayar ana jin injin kwaɓa siminti yana juyawa, wani yana kiran Ergash da Rashanci, shi bai amsa ba.