Haƙorin da Tahani Ta Ɓoye

Haƙorin ya fara ciwo ranar Alhamis, saura kwana goma sha ɗaya a shiga da su tiyata. Tahani tana kan keken ɗinki, tana haɗa wuyan rigar da mahaifinta zai sa a asibiti. Ta ciji zare kamar yadda ta saba, sai ta ji wani abu ya soke ta daga muƙamuƙi har cikin kunne. Ta tsaya cak. A ɗakin da ke kusa Baba Higazi yana nishi yana gyara kwanciya, cikinsa ya yi tulu da ruwa. Ta runtse ido, ta ci gaba da taka keke.

Shekara uku ke nan hantar Baba Higazi tana mutuwa a hankali. Likitoci sun ce cutar ta shige shi tun yana yaro, lokacin da ake jera 'yan ƙauye ana yi musu allurar tsargiya. Magani ya kashe ƙwayar cutar, amma ta riga ta gama ɓarna. Abin da ya rage shi ne dashe, kuma sai an samu na jini da zai yarda a yanki wani sashe na tasa hantar. An gwada Fathi, babban ɗansa, aka ce kitse ya lulluɓe tasa. An gwada 'ya'yan ƙanwarsa Goggo Awatif su biyu, jini bai zo ɗaya ba. Tahani ce kaɗai ta haye duk gwaje-gwajen, ita da ba ta kai kowa jiki ba.

An taɓa sa musu rana wata biyu da suka wuce. Ana saura kwana biyu mura ta kama ta, ta faɗa wa nas da bakinta, aka auna aka ga zazzaɓi, aka ɗaga aikin. A cikin makonnin jiran nan ne Baba ya yi aman jini a bakin ƙofa, ita ta wanke dakalin. Ranar ta yi wa Allah bakance cewa idan aka sake sa rana za ta yi azumin kwana goma a jere kafin ta hau gadon tiyata. Ta kuma ƙudura wani abu da ba ta faɗa wa kowa ba: ko me zai same ta, ba za ta ƙara cewa ga inda yake mata ciwo ba.

Wannan Alhamis ɗin ita ce ranar farko ta azumin.

Da la'asar ta yafa mayafi ta tafi kantin magani na Ramzi, wanda duk unguwa take kira Likita.

"Ah, amaryar asibiti!" in ji Ramzi. "An ce Litinin ta sama za a kai ki ɗakin miji. Me za a ba ki?"

"Farasitamol. Kati uku."

"Na Baba?"

"Na Goggo ne. Gwiwa."

"Gwiwar Goggonki ba magani take nema ba, a rage mata kaya take nema. Ki ce na ce ta bar tiren kayan zaƙi ya huta."

Tahani ta yi murmushi da gefen bakin da ba ya ciwo. Ba ta ji tsoron abin da ta saya ba ko kaɗan. Tana tsaye a ofishin Likita Safwat, wanda zai yi musu aikin, ranar da ya ce wa Baba kada ya kuskura ya taɓa kowane maganin ciwo, in ya matsu ƙwarai ya sha farasitamol, shi kaɗai hantarsa za ta iya ɗauka. Ya faɗi adadi ma, amma a lokacin hankalinta yana kan ƙafafun Baba da suka kumbura suka ƙi shiga takalmi. Abin da ya zauna mata shi ne, wannan ne maganin da ba ya taɓa hanta. Ai har jarirai ake ɗiga wa.

Matsalar ita ce yini. An ce a sha biyu bayan kowane awa shida, ita kuwa daga asuba zuwa magariba bakinta a rufe yake. Sai ta yi lissafinta irin na mai ɗinki, wanda in yadi bai kai ta nan ba sai a ƙaro ta can. Na rana da ba ta sha ba, ta haɗa shi da na buɗa baki, huɗu ke nan. Bayan isha'i ta ƙara. Da sahur ta sha na lokacin, ta ɗora na yinin da za a shiga. Tauna kuwa ta gagara. Burodi ya zama abokin gaba, ko dafaffen wake ba ta iya kai shi wancan gefen. Shayi take kurɓa, sai ɗan cokali biyu na miyar lalo don kada Baba ya lura.

A kwana na huɗu Goggo Awatif ta kama ta a kicin tana danna kanumfari a dasashi.

"Ke! Juyo nan. Wannan kumatun fa? Ƙwai kika ɓoye a ciki?"

"Goggo, don Allah yi a hankali."

"Haƙori ne? Innalillahi. Gobe sai wurin mai cirewa."

"In aka cire sai an ba ni magani, in aka ba ni magani sai asibiti sun sani, in suka sani su ɗaga." Tahani ta riƙe hannunta gam. "Goggo, kin ga dakalin nan ranar. Kina ganin zai ƙara wata biyu? Kwana takwas ne kawai. In an gama su cire duka talatin da biyun, ban damu ba."

Goggo ta daɗe tana kallonta. Ta goge ido da bakin mayafi, ta ce, "Taurin kan uwarki kika ɗauko, Allah ya jiƙanta. Zauna."

Da yamma ta dawo da jakar ledarta wadda kowa ya sani, wadda ta fi kantin Ramzi kaya. Ta fito da wani gari a 'yar takarda, na mura, ana kaɗa shi a ruwan zafi, ta ce yana kwantar da jijiya. Ta fito da wasu jajayen ƙwayoyi da ɗanta ya aiko mata daga Kuwait, ta ce waɗannan na waje ne, ba irin na nan da aka cika da alli ba. Maƙwabciyarsu ma, da aka ce mata wata baiwar Allah ce ke fama, ta aiko da nata na ciwon baya, mai kwali shuɗi. Kowanne da sunansa, kowanne da kalarsa.

"Ba su taɓa hanta ko?" in ji Tahani.

"Shekara goma ina shan su. Kin ga na mutu?"

Ciwon ya lafa. Tahani ta gama rigar Baba, ta ɗinka tata iri ɗaya, mai maɓallai a gaba don kada a sha wahala wajen wankin ciwo. Ta shirya jaka biyu ta jera su a bayan ƙofa. Baba yakan kalle su daga kan gado ya ce, "Kamar masu tafiya Hajji."

A kwana na takwas zuciyarta ta fara tashi. Ta ce yunwa ce. A na tara ta yi amai bayan buɗa baki, ta ji wani nauyi a ƙarƙashin haƙarƙarinta na dama, daidai inda Likita Safwat ya zana mata da biro ya ce nan za a buɗe. Ta ce tsoro ne. Ta dafa wurin ta ce masa a ranta, yi haƙuri, saura kaɗan.

Ranar Asabar, kwana na goma, Fathi ya ɗauko motar haya ya kai su birni don a kwantar da su a yi gwajin ƙarshe. Rana ta fito tas a kan gonakin shinkafa. Tahani tana baya kusa da Baba, ta jingina kai da gilashi saboda jiri.

"Tahani," in ji Baba. "Kalle ni."

"Barci nake ji, Baba."

"Na ce ki kalle ni."

Ta juyo. Ya sa babban yatsansa ya ja fatar ƙasan idonta, kamar yadda likitoci suka yi masa sau ɗari. Ya saki, ya mai da hannunsa kan cinya. Shekara uku yana ganin wannan kalar ɗorawar a idonsa a madubin aski, ba ya buƙatar kowa ya faɗa masa sunanta.

"Fathi," ya ce, "taka motar nan."

An ɗebi jininta da hantsi. Kafin azahar Likita Safwat ya shigo da kansa, takarda a hannu, babu wasan da ya saba yi mata.

"Tahani, me kika sha?"

"Ba komai, Likita. Azumi ma nake."

"Azumi? Tun yaushe?"

"Yau kwana goma."

"'Yata, wata biyu da suka wuce hantarki ta fi tawa lafiya. Yau ƙonewa take. Ba ni da lokacin lallashi. Me kika sha?"

Goggo, wadda ta biyo su asibitin, ita ce ta fashe da kuka. Ta zazzage jakar ledar a kan gado. Likitan ya ɗauki takardar garin mura ya juya bayanta, ya kewaye wata kalma da biro. Ya ɗauki katin jajayen Kuwait, ya kewaye. Ya ɗauki shuɗin kwalin, ya kewaye. Ya jera su kusa da farin katin Ramzi. Rubutun ƙanana ne kamar tururuwa, amma ko Goggo da ba ta karatu ta ga zanen kalmar ɗaya ne.

"Duk abu ɗaya ne," ya ce. "Riga kawai aka canja masa. Nawa kike sha a rana?"

Ta faɗa. Ya rufe ido.

"Amma kai ka ce ba ya taɓa hanta," in ji Tahani. Muryarta ta fito siririya. "Da kunnena na ji. Ka ce wa Baba shi kaɗai."

"Na ce kaɗan. Kaɗan, da abinci a ciki. Ke kin tara na mutum biyu kin zuba wa hantar da ta kwana goma ba ta ga abinci ba."

"To Litinin fa?"

Ya leƙa waje ya kira nas, ya ce a kawo ledar ƙarin ruwa da maganin karya guba yanzu-yanzu, a kuma ba ta wani abu ta sa a baki.

"Saura awa huɗu a sha ruwa," ta ce. "Na yi bakance. Bari in cika."

Goggo ta kama haɓarta ta ɗura mata ruwan da hannunta.

Kwana uku ba ta san inda kanta yake ba sosai. A na huɗu lambobin da ke takardar suka fara sauka, aka ce ta tsallake. Litinin ta riga ta wuce. Wata nas ta ce an ba wasu uwa da ɗa daga wani gari ɗakin tiyatar, kuma aikinsu ya yi kyau.

Da Likita Safwat ya zo zagaye, ta riƙe bakin rigarsa.

"In na warke fa?"

"Hanta tana farfaɗowa, in sha Allah taki za ta dawo. Amma ba wanda zai sa mata wuƙa kafin wata shida, kuma sai an sake duk gwajin daga farko. Ban yi miki alkawarin za a yarda ba."

"Baba yana da wata shida?"

Ya zare rigarsa a hankali. "Ana zuƙe masa ruwa sau biyu a mako yanzu," ya ce. "Ƙodarsa ta fara gajiya."

Ranar Alhamis suka tura ta sashen haƙori a keken marasa lafiya. Minti goma aka yi. Aka naɗe mata haƙorin a auduga aka ba ta, wai ko za ta so gani.

Da ta dawo ta tarar da Baba a gefen gadonta, Fathi ya turo shi. Yana sanye da rigar da ta ɗinka, maɓallan tsakiya sun ƙi rufuwa saboda cikin.

"Mu gani," ya ce. Ta miƙa masa audugar. Ya buɗe, ya juya haƙorin a tafin hannunsa. "Wannan ne? Ɗan wannan? Ni na zaci zan ga na jaki." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Kin tuna da kina ƙarama, in kin yi famfara sai mu hau soro ki jefa wa rana ta ba ki sabo?"

"Baba, ka yafe mini."

"Rufe mini baki. Kin san roƙon da nake yi tun da aka ce ke ce? Kullum sai na ce Allah kada wuƙa ta taɓa yarinyar nan. Ke kina can kina azumi, ni ina nan ina warware miki. Kin ga wanda aka amsa wa."

Ta kalle shi. Ta tuna yadda yake duban jakunkunan nan biyu a bayan ƙofa, da yadda ya sa Fathi ya sayo irin albasa na shukar baɗi.

"Na ce su sallame ni gobe," in ji Baba. "Na gaji da warin nan. Ina so in kwanta inda zan ji kukan saniyata."

"Wata shida ne kawai, Baba. Zan ci abinci. Ko ruwa ba zan sha ba sai na tambaya. Ka jira ni."

"To," ya ce. "To, uwata."

Fathi ya juya keken. A bakin ƙofa Baba ya ɗaga hannu bai waiwayo ba, sai a lokacin ta ga bai mayar mata da audugar ba, ya zura ta a aljihun rigar, aljihun da ta ɗinka masa don ajiye carbi bayan tiyata.