Kwalbar Ranar Juma'a

Sandar Misis Pruitt ce ta fara shiga shagon, sannan ita. Salim Yono ya ɗago kai daga bayan gilashin kanta, da ya ga ko wace ce sai ya sunkuya yana gyara kwalayen tabar da suke a jere tun safe.

"Salim, fatalwa ka gani?"

"Sannu da zuwa, Misis Pruitt. Ya ƙafar?"

"Ita ta kawo ni."

Rabonta da titin tun watan jiya, ranar da ta faɗi a matakalar gidanta ta yi targaɗe. Kafin nan kuwa, tun mahaifin Salim ne ke tsaye a bayan gilashin, duk Juma'a da yamma sai ta zo ta sayi kwalbar jar giya da ƙaramin burandi. Giyar ta Odessa da Lurleen ce, ƙawayenta na karta. Burandin nata ne.

Ta bi ta tsakanin kantocin a hankali, ta wuce sababbin kwalaben da Salim ya jera saboda samarin da suka fara tarewa a unguwar, ta ɗauko nata a inda suka saba zama. Ta ɗora su a farantin da ke juyawa ta cikin gilashin, ta ajiye kuɗi a gefe.

Salim bai juya farantin ba.

"'Yarki Charmaine ta zo nan shekaranjiya," ya ce, idonsa a ƙasa. "Ta ce kina shan maganin hawan jini. Ta roƙe ni kada in sayar miki."

"Ta roƙe ka."

"Har da hawaye, Misis Pruitt. Ni me zan ce mata?"

Tsohuwar ta jingine sandar, ta buɗe jakarta, ta zaro katin shaidarta ta manna a jikin gilashin daidai hancinsa.

"Karanta."

"Haba, ai na san ki."

"Karanta dai. Doka ta ce ka duba wannan kafin ka sayar. Na kai shekarun ko ban kai ba?"

Wani dattijo da ke kankare katin caca a bakin taga ya yi dariya har da tari. "Ka duba da kyau, Salim, yaran zamani da ƙarin shekaru."

"Kai kuma Gaines ka ji da asararka," ta ce ba tare da ta waiwaya ba. Ta mai da ido kan Salim. "Ranar da ɓarayi suka fasa wa ubanka kai a nan wurin, ni na danne masa raunin da gyalena har motar asibiti ta iso. Ban ce ka biya ni ba. Amma ba za ka tsaya a shagonsa ka mai da ni yarinya ba."

Kafin ya buɗe baki ƙofa ta buɗe da ƙarfi. Charmaine ce, cikin kayanta na aikin jinya, makullin mota a hannu, tana haki.

"Mama, na je gida ba kya nan. Na duba banɗaki, na duba ƙasan matakala. Kin san abin da na zata?"

"Na sani. Ga ni a tsaye."

Charmaine ta ga kwalaben a faranti, fuskarta ta ɗaure. "Salim, mun yi magana da kai."

"Ku yi tsakaninku," ya ce, ya ɗaga hannuwa biyu. "Ni ban juya ba, ban mayar ba."

"Mama, ni na tsince ki a ƙasa. Tun safe kike kwance har na taso daga aiki. Ki zo ki zauna da mu a Southfield, ɗaki na nan an gyara, ba matakala, ba komai. Me ya rage miki a wannan unguwa?"

Misis Pruitt ta daɗe tana kallon 'yarta. Ta ga ramar da ta yi, ta ga furfurar da ta fara fito mata a goshi. Da ta yi magana, a hankali ta yi.

"Da safe na faɗi, da kofin shayi a hannuna. Kin sani, don ke kika share fasassun. Kin tsorata, ni ma na tsorata. Amma tun ranar kika kwashe makullin motata, kika sa aka kulle ɗakin sama, kika ce wa Odessa su daina zuwa wai ina bukatar hutu. Hutun me? Wata guda ina zaune ni da talabijin. Yanzu kuma kin zagayo ta bayana kin zo wajen yaron nan."

"Likita ya ce…"

"Ina wurin da ya faɗa, kunnena ƙalau. Na ji, na auna, na yanke. Rabin ƙaramin kofi, sau ɗaya a mako, da mutanen da suka san ni tun kafin a haife ki. Idan shi zai kai ni lahira, to ya kai ni a kan teburina, da karta a hannu. Ba zan koma Southfield in zauna a bakin taga ina jiran ku dawo ba."

Gaines ya daina kankare katinsa.

Misis Pruitt ta ƙwanƙwasa gilashin da zobenta. "Juya."

Salim ya dubi Charmaine. Ita kuwa ta kau da kai tana kallon titi. Ya juya farantin, ya sa kwalaben a jakar takarda, ya juyo da su waje.

A bakin shagon iskar kaka na tura busassun ganye a kan kwalta. Charmaine ta buɗe ƙofar motarta.

"Shiga in kai ki."

"Da ƙafata na zo."

Ta kama hanya, sanda a dama, jaka a hagu, tana ɗingishi. Charmaine ta tsaya riƙe da murfin motar har uwar ta kusa kwana. Sai ta rufe, ta bi ta da sauri.

"Kawo jakar in riƙe miki."

"Riƙe hannuna dai. Jakar tawa ce."

Charmaine ta saƙala hannu a nata. Suka tsallaka titi, suka wuce cocin da aka rufe.

"Na kira su Odessa, suna hanya," in ji tsohuwar can. "Mu uku ne, wasan kuwa na mutum huɗu ne. Idan ba ki manta ba, akwai kujera."

"Mama, kin san ba na shan giya."

"Wa ya ce zan ba ki?"