Bugun Bututu

"Ajiye cokalin nan," in ji Gwaggo Batula. "Safi, da ke nike. Ajiye shi."

Safi na durƙushe gaban shofaj ɗin falo, farin ƙarfen nan da ruwan zafi ke bi ta cikinsa yana ɗumama ɗaki, cokalin kunu a hannunta. Bugun ya sake zuwa. Kwas. Kwas. Sai shiru, sai kuma kwas, can daga sama, yana gangarowa ta bututun da ya ratso silin ya shige ƙasa wajen maƙwabta.

"Gwaggo, saurara hwa. Yana hutawa. Iska na gajiya ne?"

"Shi ya sa ni ce ki ajiye. Abu na bugu, yana hutawa, ba a gane shi ba, ke mai jego ce za ki amsa mishi? Jikinki ɗanye, ɗiyarki ko arba'in ba ta yi ba. Mu a gida ko sunanka aka kira ba ka ga mai kira ba, ba ka amsawa."

Gwaggo Batula ƙanwar mahaifin Safi ce. Ta rufe teburin atamfa da turarenta a birnin Pari ta zo Liyon, duk a ƙasar Faransa, don wankan jego, kuma tun da ta sauka komai na gidan ya koma hannunta, har mai gidan. Bugun nan ya hana ta sakat tun shekaranjiya. Ta tofe kusurwoyin falo kaf, ta janye gadon jaririya Muhsina daga jikin bango, ta yi turare har na'urar hayaƙi ta yi kuka.

Ginin nasu na unguwar Rillieux-la-Pape, a gefen Liyon, hawa bakwai ne. Kowa da gidansa da ya saya, amma matakala da asansar, na'urar hawa da sauka, da tukunyar ruwan zafin da ke ƙarƙashin ƙasa na kowa ne, kowa na zuba kuɗin kula da su. Duk shekara masu gidaje kan taru a yi ta ɗaga hannu ana yanke shawara. Bara kuɗin ya hau, aka ɗaga hannu aka sallami mai gadi. Aka sake ɗagawa aka rabu da mai gyaran famfo. Asansar ta tsaya tun watan zafi, aka ce a bari sai taro na gaba. Hassoumi mijin Safi shi ma ya ɗaga nasa, ya dawo gida yana fara'a wai an yi tattali.

Ba su ji ɗar ba wajen sallamar mutane, saboda akwai Malam Mamadu. Dattijo ne mutumin Maraɗi, ya ƙare ƙuruciyarsa a masana'anta, matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun yi nisa, yana zaune shi kaɗai a hawa na bakwai. Ba wanda ya naɗa shi komai. Shi ke sauya ƙwan fitilar matakala, shi ke jan kwandunan shara zuwa bakin titi. Da sanyi ya shigo aka kunna tukunya, sai ya bi gida-gida da ɗan makullinsa yana sako iskar da ta maƙale cikin shofaj, don in ba a sako ta ba ƙarfen yakan yi ta ƙara. Bana ya ce a yi masa haƙuri sai ya dawo daga Pari. Can yake kai tsofaffin agoguna da rediyoyin da ya gyara, 'yan kasuwar Porte de la Chapelle su haɗa da kayansu zuwa gida. Ranar Lahadi a matakala ya gaya wa Hassoumi cewa motar safe zai bi.

Da bugun ya fara, mutanen gini suka cika zaurensu na waya da ƙorafi. Wani ya ce me yake biya kenan. Wata ta ce yaranta sun kasa karatu. Madam Yasmine, shugabar kwamitin masu gidaje, ta rubuta cewa iska ce, kiran mai gyara tsada ne, kowa ya daure, Musye Mamadu ya kusa dawowa. Aka yi ta manna mata babban yatsa.

Safi ce kaɗai ke wuni da abin. Sauran mutane kan fita aiki, su dawo su ƙure telebijin. Ita kuwa tana zaune tana shayarwa, kunnenta na kan bango. Ta lura jiya bugun ya fi na yau ƙarfi. Ta lura hutun da ke tsakani sai tsawo yake ƙarawa. Da ta kira Hassoumi a wurin aikinsa, dariya ya yi.

"C'est de l'air, Safi, iska ce. Rishin kwana ne ke damunki. Bari Baba Mamadu shi dawo."

Gwaggo ta juya za ta ɗauko zanin goyo. Safi ta ɗaga cokali ta bugi bututun sau biyu.

Komai ya ɗauke. Har motsin ruwan cikin ƙarfen ta ji. Gwaggo ta sandare da zani a hannu. Safi ta fara jin kunyar kanta, za ta miƙe kenan, sai daga sama aka buga sau biyu, a hankali, daidai yadda ta yi.

"A'uzu billahi!" Gwaggo ta suri jaririyar ta ƙanƙame. "Kin gani ko? Kin jawo muna!"

Tsigar jikin Safi ta tashi. Tsoro ta ji sosai. Amma ta sake bugawa, sau uku. An daɗe. Aka maido biyu, na ukun ya zo da ƙyar, kamar an ja ƙarfe a kan ƙarfe.

"Gwaggo, kin san mutanen Chapelle duka. Kira ki tambaya ko Baba Mamadu ya iso."

"Mi ya haɗa wannan da Malam Mamadu?"

"Don Allah ki kira."

Ta kira tana harararta, ta buɗe murya yadda kowa zai ji. Wani Ɗan Juma ya ɗauka, hayaniyar motoci a bayansa.

"Hajiya, ina wuni, ina mai jego?"

"Lahiya lau. Ɗan Juma, Malam Mamadu na Liyon ya zo muku?"

"Wallahi shi muke ta jira. Motar kaya har ta tahi. Mun yi ta kiran wayarshi tana ƙara, ba a ɗauka, yanzu ma a kashe take. Mun ce ko sanyi ne ya hana shi hita."

Gwaggo ta sauke wayar ba ko sallama. Ta dubi silin, ta dubi Safi. Ba ta ƙara zancen arba'in ba, sai ta ce, "Sa rigar sanyi. Ki riƙa ƙarhen matakala, ɗinkinki bai warke ba."

Matakalar ginin ba ta da taga. Fitilarta irin mai ɗaukewa da kanta ce, sai an latsa a kowane hawa. Safi na hawa tana dafe da mara, tana latsawa, hasken na mutuwa kafin ta kai. A hawa na shida ta latsa bai kama ba, ƙwan ya ƙone ba wanda ya sauya. Ta ƙarasa da lalube. Bayan kowace ƙofa shiru, sai firijin wani da ke gurnani.

A ƙofar Malam Mamadu ta yi sallama. "Baba? Safi ce, matar Hassoumi." Ba amsa. Ta danna ƙararrawa, ta ji tana kuka a cikin gidan. Ta kara kunne a jikin ƙofa. Sai ga shi, kwas, ba daga nesa ba yanzu, nan bayan katakon, a ƙasa-ƙasa kusa da daɓe.

Ta kira 'yan kwana-kwana, don su ke kai ɗaukin gaggawa a ƙasar. Tana cikin ba su adireshi aka buɗe ƙofa a hawa na shida, Madam Yasmine ta hauro cikin rigar barci tana ciro audugar kunne. Aikin dare take a gidan tsofaffi, da rana take barci, kuma ɗakinta ne daidai ƙarƙashin na dattijon.

"Wa kike kira?" ta tambaya da Faransanci. "Madam, ba a fasa ƙofar mutum haka kawai. Mutumin nan yana Pari. In aka fasa ba kowa ciki, wa zai ɗauki nauyi? Sai kwamiti ya zauna."

"Bai tafi ba. Ki saurara."

"Na gaya muku iska ce, ni da nake kwana da..."

Kwas.

Madam Yasmine ta dubi audugar da ke tafin hannunta, ta zauna a kan matakala.

'Yan kwana-kwana suka hauro hawa bakwai da kayansu suna haki, suka ɓalle ƙofar. Zafi ya bugo su, da wari. Jakar tafiyarsa na nan bakin ƙofa a ɗaure. Shi kuma yana kwance a gefe ɗaya jikin shofaj ɗin falo, cikin babbar rigar tafiya, hularsa ta gangara ƙarƙashin kujera. Ga ɗan kwano da tsumma kusa da shi. Da alama ya tsaya sako iskar nasa ne kafin ya fita, abin ya same shi a nan. Ɓarin jikinsa na dama ya mutu, bakinsa ya karkace, leɓɓansa sun tsattsage. Hannun hagu ne ke raye, yana ɗore a kan bututun, da zoben azurfa a yatsa, wanda yake bugun ƙarfen da shi.

Ba su hana Safi matsowa ba. Ta durƙusa, ɗinkinta na ja.

"Baba, mun zo. Mun ji ka."

Idonsa ya zagayo ya tsaya a kanta. Ba ta ga fushi a ciki ba, kuma da ta gani da ya fi mata sauƙi. Ta shiga maimaita masa kalmar shahada a kunne. Harshensa bai motsa ba, amma yatsa ɗaya ya ɗaga kaɗan.

Da yake babu asansar, a kan gadon ɗaukar marasa lafiya suka sauko da shi a hannu, suna karkata gadon a kowace kwana. Lokacin tashi daga aiki ne, mutane sun fara dawowa. A kowane hawa akwai mai tsaye da jakar cefane, ya manne da bango ya ba da hanya. Wanda ya ce me yake biya yana hawa na huɗu, makulli a hannu, ya cire hularsa. Hassoumi ya ci karo da su a hawa na biyu. Ya dubi fuskar dattijon, ya ɗaga kai ya hango matarsa tana saukowa da ƙyar, ya rasa inda zai sa idonsa.

Malam Mamadu bai ƙara magana ba. Washegari da hantsi ya cika a asibiti. Likita ya ce irin wannan ciwo da wuri ake tararsa. Hassoumi ne ya ji wannan maganar, kuma sai da ya kwana biyu kafin ya iya gaya wa Safi. Ta yi kuka mai yawa. Tana son tsohon, shi ne ya yi wa Muhsina huɗuba, kuma ta san a wane wuni ta fara jin bugun.

'Yarsa za ta iso daga Kanada ranar Asabar. Madam Yasmine ta ce bai kamata ta tarar da gidan yadda yake ba, kuma wannan karon ba ta nemi a ɗaga hannu ba. Ta hauro da bokiti da sabulu. Gwaggo Batula ta biyo ta da tsintsiyar da ta zo da ita tun daga Damagaram, Safi na baya da goyo. An toshe ƙofar da falanki. Suka buɗe tagogi, suka naɗe shimfiɗar falo, suka jera agogunan da ke cikin jaka a kan tebur. Gwaggo ba ta jin Faransanci sosai, Madam Yasmine ba ta jin Hausa, aikin ya tafi ba magana.

Gwaggo ta faro shara daga ƙofa, a sunkuye, tana turo ƙura gaba. Da ta iso gindin shofaj sai tsintsiyar ta tsaya. A jikin bututun, ƙasa kusa da daɓe, farin fenti ya ɓare wuri guda kamar faɗin tafin yaro, baƙin ƙarfe ya fito yana ƙyalli. Ɓarɓashin fentin ya taru a ƙasa, fari, siriri kamar ɓawon ƙwai.

Ta daɗe a sunkuye. Sannan ta kewaye wurin da tsintsiya ta ci gaba. Madam Yasmine ta biyo da tsumma mai ruwa, ta iso nan, ita ma ta kewaye. Da suka gama, daɓen falon duka na sheƙi yana bushewa, sai wannan ɗan wuri da ba wanda ya taɓa.