Kwat ɗin da Ban Mayar Ba

Labarin taragon nawa ne. Na babana ne, in za a bi gaskiya. Ya ƙare rayuwarsa yana tuƙa taragon cikin gari a Bukares, babban birnin Romaniya, yana yi masa faɗa kamar matarsa, yana ba shi haƙuri a kan gangara. Da ya rasu na mayar da abin barkwanci. Ina yin sa a wata mashaya ta ƙarƙashin ƙasa, mutane suna dariya har su riƙe ciki.

A can Octav ya ji shi. Mai shirya fim ne, mai gemu da gyale a wuya ko da zafi. Ya saya mini giya, ya ce in sake faɗa masa a hankali. Na faɗa. Da fim ɗinsa ya fito, ga direban tarago yana lallashin taragonsa da kalmomin babana. Na zauna a silima har sunayen ƙarshe suka wuce. Akwai sunan mai dafa shayi. Babu nawa.

Abin da ya fi ci mini rai ya zo daga baya. Na hau dandamali na fara labarin, wani daga kujerun baya ya ce, "Ɓarawo, ai na fim ne wannan." Aka yi dariya, ba irin wadda nake so ba.

Na kira Octav. Ya ce, "Dorinel, ƙanena, kuskuren ofis ne. An sa mu takarar labari mafi kyau. In na ci, a gaban ƙasa duka zan faɗi sunanka. Ka zo bikin ba da kyautar, amma ka sa kaya na mutunci."

Ba ni da kaya na mutunci. Yayata Ilinca ta yi mini odar kwat baƙa ta intanet, yadda kowa yake yi: ka sa, ka cire, ka mayar. Ta tura 'yar takardar kamfanin cikin wuyan rigar ta manne da fil.

"Kada ka tsinke ta," ta ce. "Kada ka yi gumi. Kada ka kusanci miya. Kada ka rungumi kowa, duk turare suke sha kamar gawa."

"In yi numfashi?"

"Kaɗan-kaɗan, ɗan iska."

Ya ci. Ya hau dandamali yana share ido. Ya gode wa matarsa, da malaminsa, da wani kare da ya mutu. Ya ce labarin direban ya zo masa ne wata safiya yana tsaye a tasha. Aka tafa. Ni takardar tana sukar wuyana, ban motsa ba.

A wajen liyafa na same shi, gunkin tagulla na kyautar a hannu, masu hoto kewaye da shi.

"Yallaɓai, ka manta."

"Lokaci, Dorinel. Kana gani suna kunna kiɗa a kaina don in sauka."

"Karen ya samu lokaci."

Ya yi murmushi ya dafa kafaɗata. Hannunsa ya taɓa fil ɗin. Ya jawo takardar waje, ya ɗaga ta yadda kowa zai gani.

"Kai, ku duba. Gobe za ta koma shago. Wallahi wannan yaron baiwa ce." Ya juya ga mataimakiyarsa. "Rubuta mini wannan, zai shiga fim na gaba."

A gabana. Ko kunya.

Na kama takardar na fizge. Zaren ya tsinke, na kuwa san abin da Ilinca za ta ce. Na ɗaura ta a wuyan gunkin da ke hannunsa, na yi ƙulli biyu.

"Takardar tawa na tsinke, kwat ta zama tawa," na ce. "Kai kyautar taka aro ce. Ka mayar."

Ba wanda ya yi dariya. Kyamarori dai suka yi ta walƙiya. Masu gadi biyu suka raka ni ƙofa, ɗaya ya taka mini takalmi.

Kafin gari ya waye hoton ya zaga ko'ina. Wasu suka ce hassada ce. Wasu suka tono tsohon bidiyona na mashaya, wanda ya girmi fim ɗin. Masu ba da kyautar suka ce za su duba. Har yau suna dubawa. Gunkin yana gidan Octav.

Ilinca ta daina yi mini magana har Lahadi, ranar ta ajiye mini tuwon masara da cuku ba ta kalle ni ba. "Tunda taka ce, ka rage hannun," ta ce. "Kamar ɗan aike."

Ban rage ba. A cikinta na koma mashaya, hannun yana rufe mini yatsu. Na riƙe makirufo na ce, "Babana direban tarago ne." Na tsaya, ina kallon kujerun baya, ina jiran mai bakin nan da ya kira ni ɓarawo.

Ba wanda ya tanka. Na ci gaba.