Babur a Ƙofar Baffa Lawal

A shekarun da Turawa suka fara maganar tafiya amma ba su tafi ba, En'e tana da wani malamin gona a Hunkuyi mai suna Abdulwahabu. Aikinsa yawo ne. Yau yana Kudan yana duba irin auduga, gobe Dandamisa, jibi Gazara ana gardamar taki, duk a kan keke. Keken nan kuwa ya sha jiki, sirdinsa ya koma tsumma, mai shi ma gwiwoyinsa sun fara kawo ƙara. Da ya ga abin ba mai ƙarewa ba ne, sai ya ƙudura sayen babur.

Ya shiga Zariya, aka haɗa shi da Ɗanliti, wani tsohon soja da ya yi yaƙin Bama yana kai saƙo a kan babur, ya dawo ya kafa rumfar gyara a Sabon Gari. Babura biyu ya tarar na sayarwa. Ɗaya ƙato ne baƙi, wani Bature ya bari da zai koma gida, in aka tayar da shi har kwanon rumfar sai ya amsa. Ɗayan ɗan tsurut ne, kore, muryarsa kamar keken ɗinki. Ba sai an faɗa maka wanda idon Abdulwahabu ya kama ba. Ya zagaya baƙin, ya shafa tankinsa, har ya hango kansa yana shiga Hunkuyi ranar kasuwa.

Sai Ɗanliti ya kwantar da baƙin a ƙasa a hankali, ya ce, "Malam, tashe shi mu gani. A hanyar Gazara ba wanda zai taya ka."

Abdulwahabu ya kama, ya yi nishi, ya sake kamawa, babur ko gezau. Ya yi dariya ya kakkaɓe hannu. Shi ba mai taurin kai ba ne, ya juya ya hau koren, ƙafafunsa biyu suka taka ƙasa sosai, ya ce shi zai ɗauka.

Ya kwana biyu a Zariya yana koyo a wani fili bayan rumfar. Ɗanliti ya nuna masa kuloci da giya da totur, ya sa shi ya tattare babbar rigarsa ya cusa ƙarƙashin cinya don kada sarƙa ta kama ta. Ya ce in ya shiga yashi ya sa ƙaramar giya ya wuce a hankali, kada ya kuskura ya matse birkin gaba. Duk wannan Abdulwahabu ya ɗauka ba wuya. Da suka zo sallama sai Ɗanliti ya ƙara ɗaya.

"Abin da ke kayar da mutanenmu gaisuwa ce. In ka hau, hannunka biyu na babur ne. Ko wa ka gani, kada ka ɗaga hannu, kada ka waiwaya."

"Ko wa?" in ji Abdulwahabu.

"Ko wa, Malam."

Abdulwahabu ya ce to, amma a ransa fuska ɗaya ce ta zo masa. Baffa Lawal, wan mahaifinsa, shi ya riƙe shi tun yana maraya, shi ya koya masa karatu, shi ya yi masa aure. Tsohon yana zama kullum a kan buzunsa a ƙofar zaure, bakin lungun da ke shiga gidan Abdulwahabu. Nan yake karatu, nan masu zuwa gona da masu zuwa kasuwa ke tsayawa su gaishe shi, shi kuma ya tambayi kowa gidansa. Zaman nan shi ne jin daɗinsa a duniya. Kuma duk wanda ya tashi a hannunsa ba ya wuce ƙofar nan a kan abin hawa. Jaki ne, keke ne, sauka za ka yi, ka tuɓe takalmi, ka durƙusa ka gaisa, sannan ka ja abinka gaba. Ba wanda ya taɓa kafa wannan doka da baki, kuma ba wanda ya taɓa karya ta.

To, gaban ƙofar nan yashi ne, wanda ruwan damina ke tarawa, ƙafa ma nutsewa take yi.

Da la'asar ya shigo garin. Yana karya kwana ya hango farin rawanin Baffa, tayar gaba kuma ta shiga yashi ta fara rawa. Abin da Ɗanliti ya faɗa masa ne kawai ya rage a kansa. Ya ƙanƙame babur da hannu biyu, ya kafa ido gaba, ya wuce. Ta gefen ido ya ga tsohon ya ɗaga hannu, hannun ya ɗan tsaya a sama, ya koma.

Ya jingine babur a gida, ko hularsa bai gyara ba, ya dawo da ƙafa ya durƙusa. Akwai mutane a wurin.

"Baffa, barka da yamma."

"Barka kadai. Ashe kai ne. Na ɗauka Baturen gona ne."

Ba faɗa, ba ɗaga murya, tsohon ya koma kan littafinsa. Abdulwahabu ya so ya yi bayanin yashi da birki, amma ta ina za ka fara yi wa dattijo bayanin birkin gaba a gaban jama'a? Ya tashi ya koma gida. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, don ya san abin da ake faɗa kan 'yan boko masu albashi, kuma duk shekarun nan Baffa ne ke cewa nasa ba haka yake ba. Zagayawa ta bayan gari kuma ba mafita ba ce. Wanda ya canja hanya don kada ya gaida wanda ya rene shi, ai gara wanda ya wuce a guje.

Washegari da safe ya fito da niyya ɗaya, ko me zai faru sai ya sauka. Ya taho a hankali. Da ya zo daidai zauren, jikinsa ya yi abin da ya saba yi a kan keke shekara da shekaru: ya wurgo ƙafar dama ta baya zai dira, abin hawa na tafiya. Keke yana yafe wannan, babur kuwa bai san zumunci ba. Rigar da ya cusa ta zame, sarƙa ta cafke ta, hannunsa ya murɗa totur bai sani ba. Babur ya yi tsalle ya kwanta, ya kwantar da mai shi, salansa, bututun hayaƙin nan mai zafi, ta manne masa a ƙwauri.

Mutane suka ruga suka ɗaga. Baffa Lawal ya miƙe tsaye, abin da ba ya yi wa kowa, ya zo ya duba ƙafar. Fata ta saɓule, faɗin tafin hannu. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Sannu, Wahabu."

Da ƙafar ta yi dama, Abdulwahabu ya samo dabararsa. Tun daga bakin wata tsamiya da ke kafin yashin yake kashe inji, ya sauka a ƙasa mai tauri, ya tura babur cikin yashin nan yana ɗingishi. A ƙofar zaure ba inda zai kafe shi, sai ya kwantar da shi, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya gaisa, ya ɗaga babur, ya tura har ya fita yashi, sannan ya yi ta bugun kik da ƙafar nan mai ciwo. Fita haka, dawowa haka. Gyambon ya ƙi rufewa, kullum tsumman ɗaurin a jiƙe. Mutanen gari suka ce madalla, yaron nan ashe da tarbiyyarsa. Baffa ya koma amsa masa da fara'a, har yana tambayarsa labarin auduga. Sai dai idon tsohon ba ya barin ƙafar.

Wata safiya ya turo babur ya tarar ƙofar zaure wayam. Ba buzu, ba buta. Ya kwantar da babur ya yi sallama ya shiga, ya sami Inna Uwaliya, matar Baffa, tana tankaɗe.

"Inna, lafiya Baffa?"

"Lafiyarsa lau. Yana can baya."

A bayan rumbu ya same shi, ya shimfiɗa buzunsa a wani ɗan saƙo, gabansa katanga ce kawai da kaji. Daga nan ko motsin hanya ba a gani. Abdulwahabu ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Baffa, yau ba a fita ba?"

"Ranar ƙofar nan ta fara damun idona."

Ƙofar zauren yamma take kallo, rana ba ta taɓa ta sai bayan azahar. Abdulwahabu ya san haka, Baffa ma ya san ya sani.

"Baffa, ai turawar babur ɗin ba ta dame ni ba. Wallahi ba ta dame ni ba."

"Na ce maka idona ne." Tsohon ya buɗe littafinsa. "Ka je aikinka, manoma na jiranka. Ka riƙe abin nan da hannu biyu. Gaisuwa kuwa ka kawo mini ita da yamma, da ƙafa."

Abdulwahabu ya fito. Ya tashi babur, ya tattare riga, ya buga kik, ya ratsa yashin a ƙaramar giya, taya ba ta ko girgiza ba. Ya gwammace a ce ya sake faɗuwa da wannan wucewar ta ƙofar da ba kowa.

Ƙafar ta warke kafin a fara cirar auduga. Ya je ya nuna wa Baffa tabon, ya roƙe shi ya koma wurinsa, abokan hirarsa ma suka roƙa. Tsohon ya ce idon har yanzu da saura. Abdulwahabu ya yi shekaru yana hawan koren babur ɗin nan bai sake faɗuwa ba, Baffa Lawal kuwa bai ƙara zama a ƙofar zaure ba har ya rasu.