Kwanar Ɓarawon Inuwa

Gajere ya taka burkin babur ɗinsa daidai lokacin da masu zarto ke ɗora gungumen ƙarshe a mota. Tsamiyar Marka ke nan aka kayar, itaciyar da ta ga zubewar ganuwa, ta ga mutuwar marina. A gindinta kakarsa Marka ta dama fura har tsufa, shi ya sa duk mai kwatance a tsohon garin Mafara da sunanta yake farawa.

Alhaji Tijjani, wanda ya sayi filin don gina shaguna, yana tsaye yana sakace.

"Alhaji, ko reshe guda ba a bar mana ba?"

"Kai Gajere, in gadon kakarka kake biɗa, ga ƙirare can, kwashi."

Aka bushe da dariya. Gajere ya juya. Ya murɗa babur, bai zame ko'ina ba sai bakin tasha, matattarar 'yan uwansa 'yan kabu-kabu.

"Daga yau sunan wurin da aka sare tsamiyar nan Kwanar Ɓarawon Inuwa. Duk fasinjan da ya kira shi da wani suna, ku ce ba ku san shi ba."

"Kai, gajere mai dogon sharri!" in ji abokinsa Falalu, yana dukan tankin babur.

Kafin a rufa wa shagunan kwano, sunan ya kai Bakura, ya kai Maradun. Alhaji ya kafa allo mai fitilu da sunansa ɓaro-ɓaro, ya yi rabon shinkafa, duk a banza. Ran ɗaurin auren 'yarsa, dangin ango suka tsaya a gabansa, suka yi doguwar gaisuwa, sannan suka tambaye shi ko nan ne gidan Ɓarawon Inuwa. Da labarin ya iso tasha, Gajere ya yi dariya har da hawaye.

Bayan shekaru, wata ranar kasuwa, wata tsohuwa daga Damri ta sauka a tasha, ta tari wani sabon ɗan kabu-kabu.

"Ɗana, Tsamiyar Marka za ka kai ni."

"Ina ne haka, Inna? Ni a garin nan aka haife ni, ban taɓa jin wurin ba."

Gajere ya yunƙura zai yi magana, Falalu ya riga shi.

"Ɓarawon Inuwa take nufi."

"To ki ce haka mana, Inna! Hau mu tafi."

Gajere ya bi su da kallo har suka sha kwana. Wani fasinja ya dafa kafaɗarsa.

"Malam, Ɓarawon Inuwa."

"Nemi wani," in ji Gajere, ya zare makulli.