Ba Sanyin Fadama Ba Ne

A daminar 1994 na je Auyo duba Aisa, ƙanwar marigayiya matata Falmata. Ruwa ya cinye hanya, sai a kwalekwale ake shiga da fita. Na tarar an tsoma ƙafafunta a ruwan zafi da ganyen darbejiya, don sun daina ji. Mijinta Gana ya ce sanyin fadama ne ya shige ta wajen dashen shinkafa.

"Aisa, fito da harshenki," na ce. Ja wur yake, sumul. Haka na Falmata ya yi, muka shekara biyu muna gasa mata ƙafa har muka binne ta.

Sai bayan rasuwarta na karanta cewa rashin bitamin B12 yana jawo haka. Ƙwayoyin bakteriya ke haɗa shi, suna da wani sinadari mai ɗaukar ɗan guntun da ake kira metil ya liƙa shi a jikin bitamin ɗin daidai inda ya dace. Halittar da ido ba ya gani ta san aikinta, ni da na shekara ashirin ina koyar da kimiyya ban san nawa ba.

"Gana, mu kai ta Haɗejiya a auna jininta. Allura take buƙata."

"Malam, kai komai sai littafi. Kakanninmu da me suka warke?"

"Je maƙabarta ka tambaye su. Yayarta na can, za ta yi maka bayani."

Ya ɗaure fuska, ya ce ba mai fita da matarsa. Aisa ta janye ƙafafunta daga ruwan.

"Yaya," ta ce mini, "kira mai kwalekwale."